Kuɗin Bakin Ƙofa: Darasi a Kan Inshorar Lafiya da Tsadar Jinya

Masu shirya wannan mujalla sun nemi in kawo darasi daga cikin abin da muke karantawa a sashenmu na harkar banki da kuɗi, wai ya zama abin da ɗan injiniya ko mai karatun zanen gini zai karanta ya ƙaru. Sai na zaɓi wata kalma guda da na haddace saboda jarrabawa, na rubuta ta, na ci makinta, amma wallahi ban san me take nufi ba sai ranar da Kawuna ya faɗi a gonar rakensa da ke tsakanin Makarfi da Ikara. Kalmar ita ce didaktibul. Ni dai a wannan rubutu zan riƙa ce mata kuɗin bakin ƙofa.

Mu fara daga abin da kowa ya sani, wato adashi. Mutum 10 su haɗu, kowa ya yi zubi, duk wata mutum ɗaya ya kwasa. Inshora ma zubi ne, sai dai babu layin kwasa. Wanda larura ta faɗa wa shi ake kashe wa kuɗin, wanda Allah Ya ba lafiya shekarar nan ba ya karɓar komai, zubinsa ya yi wa wani amfani. Abin da ya sa tsarin yake tsayuwa da ƙafarsa shi ne ba kowa ke kwanciya a lokaci ɗaya ba. A cikin mutum 1,000 ba wanda ya san wa za a yi wa tiyata bana, amma masu lissafi suna iya kintatar kusan mutum nawa za a yi wa. Daga nan suke yanke zubin kowa.

To, mai inshorar lafiya yana iya fitar da kuɗi daga aljihunsa ta hanya uku. Ta farko ita ce zubin, na wata ko na shekara, ko ka yi ciwo ko ba ka yi ba. Ta biyu ita ce kason mara lafiya, wato duk lokacin da aka yi maka wani abu ka biya wani ɗan kaso. 'Ya'yan ma'aikatan gwamnatin tarayya sun san wannan: a tsarin NHIS, wanda yanzu ya koma NHIA, in aka rubuta magani kana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗinsa, inshora ta biya sauran. Ta uku ita ce ta darasinmu. A nan kamfani yana cewa: duk shekara, kai za ka fara biyan kuɗin jinyarka gaba ɗaya har sai abin da ka kashe ya kai adadi kaza, daga nan ne mu za mu sa hannu. In adadin naira 100,000 ne, ka kashe 99,000, to ko kwabo ba za su ba ka ba. Shekara ta zagayo, a sake ƙirga daga sifiri. Wanda gidansu ke da mota mai cikakkiyar inshora ya taɓa jin irin wannan, domin a takardar akan rubuta wani adadi da mai mota zai ɗauka da kansa kafin kamfani ya biya gyara.

Me ya sa za a ƙirƙiro irin wannan sharaɗi? Littafinmu ya ba da dalilai biyu, kuma gaskiya ba shirme ba ne. Na ɗaya, ƙananan buƙatu suna da yawa, bin takardunsu kuma yana cin kuɗi, saboda haka in aka bar wa mutum ciwon kai da mura, zubi zai yi sauƙi ga kowa. Na biyu, halin ɗan Adam. Abin da ba ka biya ba, ba ka jin zafinsa. Duk wanda ya ga yadda ake barin famfo yana zuba a hostal ya san wannan. Masu ra'ayin suna cewa in kuɗin farko daga aljihunka yake fita, za ka daina zuwa asibiti a kan abin da bai kai ya kawo ba, za ka kuma tambayi farashi, ka je inda ya fi araha, asibitoci su shiga gasa, tsada ta sauka.

Inda aka gwada shi

Amurka ce gidan wannan tsari. A shekarar 2003 majalisarsu ta yi dokar da ta ba da damar buɗe wani asusun ajiya na lafiya da ba a cire masa haraji, amma da sharaɗin mutum ya kasance yana kan inshora mai babban kuɗin bakin ƙofa. Hukumar harajinsu ce ke fitar da adadin duk shekara. A 2025 mafi ƙarancinsa dala 1,650 ne ga mutum ɗaya, 3,300 ga iyali. In muka ɗauki dala a kan naira 1,500, na mutum ɗayan ya kusa naira miliyan biyu da rabi. Ka ji fa, mutum yana da inshora, yana zubi duk wata, amma sai ya kashe wannan kafin kamfani ya waiwaye shi. Sai dai akwai abubuwa biyu da suka sa wa tsarin, kuma ina so a riƙe su domin za mu dawo kansu. Akwai rufi: a shekarar dai, abin da mutum ɗaya zai kashe daga aljihunsa ba zai wuce dala 8,300 ba, in ya kai nan inshora ta ɗauki sauran duka. Sannan dokar lafiya ta 2010, wadda ake kira Obamacare, ta ce abubuwan rigakafi irin su allurar rigakafi da awon hawan jini a yi su ba tare da an jira cikar kuɗin bakin ƙofa ba.

Bari mu yi lissafi da naira, tunda darasi ne. Alƙaluman nan misali ne na ƙirƙira don aji, ba farashin wani kamfani ba ne. Mu ɗauka akwai tsari biyu. Na farko zubinsa 30,000 a shekara, ba kuɗin bakin ƙofa, sai kashi 10 na magani. Na biyu zubinsa 12,000 kacal, amma kuɗin bakin ƙofarsa 100,000. Shekarar da ba ka yi ko mura ba, mai na farko ya kashe 30,000, mai na biyu 12,000, wanda ba shi da inshora bai kashe komai ba, har yana yi musu dariya. Shekarar da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da kai sau biyu, jinya ta ci 40,000, a ciki 25,000 na magani ne: mai na farko ya kashe 32,500, mai na biyu 52,000, marar inshora 40,000. A lura da kyau, a irin wannan shekara mai babban kuɗin bakin ƙofa ya fi marar inshora asara. Shekarar da aka yi maka tiyata ta 300,000, a ciki 60,000 na magani ne: mai na farko 36,000, mai na biyu 112,000, marar inshora 300,000 cif.

A takarda, tsari na biyu ya dace da saurayi mai lafiya wanda ke da 100,000 a ajiye ba ya taɓa ta. A jarrabawa haka na rubuta, kuma daidai ne. Abin da lissafin bai nuna ba shi ne me mutum yake yi in ba shi da ajiyar, ya kuma san kuɗin farko nasa ne.

Wannan tambaya an bincike ta sosai. Daga shekarun 1970 zuwa 1982 cibiyar RAND a Amurka ta gudanar da wani babban gwaji ƙarƙashin jagorancin masanin tattalin arziki Joseph Newhouse. Aka ɗauki dubban mutane aka rarraba su ta hanyar ƙuri'a: wasu jinya kyauta, wasu su biya kashi 25, wasu 50, wasu 95, amma da rufi a kan abin da iyali zai kashe a shekara. Sakamakon ya nuna waɗanda aka ɗora wa kaso mafi girma sun kashe kusan kashi 30 ƙasa da masu kyauta, kuma ga matsakaicin mutum lafiyarsa ba ta taɓu ba. Masu goyon bayan kuɗin bakin ƙofa nan suke tsayawa da karatu. Amma rahoton ya ci gaba. Mutanen ba su iya tantance jinyar da ta zama dole da wadda ba dole ba, duka suka rage. Kuma talakawa masu hawan jini sun fi samun saukar jininsu a tsarin kyauta. A 2017 wasu masana huɗu suka wallafa bincike a kan wani katafaren kamfani da ya mayar da ma'aikatansa daga jinya kyauta zuwa babban kuɗin bakin ƙofa. Kashe kuɗi ya ragu da kimanin kashi 12 zuwa 14. Amma ba a ga alamar ma'aikatan sun koyi neman inda ya fi araha ba, zuwa asibitin kawai suka rage, har da abubuwan da likitoci ke ganin suna da amfani. Waɗannan kuwa masu albashi mai tsoka ne, masu ilimi, da intanet a hannu.

Ni abin bai ba ni mamaki ba. Mara lafiya ba mai sayen atamfa ba ne da zai zagaya kasuwa yana taya. Bai san me ke damunsa ba, shi ya sa ma ya zo. In ka sa masa kuɗi a bakin ƙofa, ka mayar da shi likitan kansa ke nan, shi zai yanke ko ciwon ya isa a kashe masa kuɗi. Kuma cututtukan da suka fi illa sau da yawa su ne marasa hayaniya.

Kawu

Kawuna manomin rake ne, yana kuma ɗan taɓa masara da barkono. Shekara biyu kafin abin ya faru, wata ma'aikaciyar lafiya ta auna shi ta ce jininsa ya hau sosai, aka rubuta masa ƙwayoyi, aka ce kullum zai sha, ba ranar dainawa. Ya sha na wata uku. A lokacin abin da yake kashewa a wata bai wuce kuɗin cefanen kwana biyu ba. Sai 2023 ta zo, aka saki naira a watan Yuni, a watan Agusta kamfanin GSK ya sanar zai daina harkarsa kai tsaye a Najeriya, farashin magunguna ya yi ta hawa a ko'ina, nasa ma ya kai wajen naira 3,500 a wata. Da na je hutu na ga kwalin a kan taga ba komai a ciki.

Na ce, "Kawu, ina maganin naka?"

Ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan nan, ni da nake yini a duƙe ba ko jiri? Ai na warke. Kuɗin nan gara in cika in sayi taki."

Ban ja da shi ba. Da kunya ka tsaya kana yi wa ƙanin mahaifiyarka wa'azi a kan jikinsa, kuma maganar gaskiya ni ma a raina na ga kamar yana da hujja. Wannan shirun har yau yana damuna.

A watan Oktoba ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Aka ɗauki shatar mota zuwa asibitin da ke kusa, su kuma suka tura mu wani babba a Zariya. Kuɗin kati, kuɗin gwaje-gwajen jini, hoton ƙwaƙwalwa, kuɗin gado, magunguna, abincin masu jinya, kowanne sai an biya an kawo rasit kafin a taɓa shi. Cikin mako uku an kashe sama da naira 400,000. Na zauna a barandar asibitin na raba wannan da 3,500, na ga kuɗin ƙwayoyinsa ne na kusan shekara 10. Rake kuwa saura 'yan makonni ya isa sara, amma asibiti ba ya jira, dole aka sayar wa dillali shi a tsaye a gona, shi ma ya san halin da ake ciki, ya taya yadda ya ga dama. Aka ƙara da sa ɗaya daga cikin shanun huɗa. Ɗansa, wanda muka shigo makarantar nan shekara ɗaya, ya ɗage karatunsa ya koma riƙe gona. Wasunku sun san shi, ba sai na faɗi suna ba.

A barandar nan ne kalmar jarrabawa ta dawo mini. Kawu bai taɓa jin didaktibul ba, bai taɓa riƙe katin inshora ba, amma abin da ya yi shi ne daidai abin da mutanen gwajin RAND suka yi: kuɗin farko nasa ne, sai ya yanke abin da ba ya jin zafinsa. Bambancin kawai shi ne ɗan Amurka in ya kai adadin akwai wanda zai karɓe shi, akwai kuma rufi. Kawu kuɗin bakin ƙofarsa ba shi da iyaka, bayan ƙofar kuma ba kowa sai dangi. Haka mafi yawanmu muke. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna fiye da kashi 70 cikin 100 na duk kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun marasa lafiya da danginsu yake fita kai tsaye, kuma muna cikin ƙasashen da suka fi kowa a wannan. A tsohon ma'aunin Majalisar Ɗinkin Duniya, gidan da jinya ta cinye masa fiye da kashi 10 na abin da yake kashewa an ce ya shiga kashe kuɗi mai durƙusarwa. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka sa hannu a kai a 2024, in aka miƙa masa takardar 400,000, ya kusa albashin wata shida.

Akwai wani abu kuma da littattafan Turawa ba su cika kulawa da shi ba, domin su masu albashi suke rubuta wa. A wajenmu kuɗi yana da lokaci, ciwo ma yana da lokaci, kuma ba sa haɗuwa. Manomin Gubuchi ko Paki ko Likoro kuɗinsa yana zuwa da kaka da lokacin saran rake da dafa mazarƙwaila. Zazzaɓin cizon sauro kuwa da damina yake ƙamari, wajen Agusta da Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuɗi duk sun shige taki da maganin feshi da 'yan ƙwadago. Mutumin da zai iya fitar da 50,000 a watan Janairu ba tare da ya girgiza ba, a watan Agusta 5,000 tana iya gagararsa. Shi ya sa yaro zai kwana uku da zazzaɓi ana ba shi farasitamol daga kemis, sai ya fara jijjiga ko jininsa ya ƙare a garzaya asibiti neman ledar jini. Ba rashin so ba ne. Abokin ɗakina, ɗan Hunkuyi ne, ya ce a garinsu in ka ga mutum yana sayar da akuya mai ciki da damina, kada ka tambaye shi farashi, ka tambaye shi wa ke kwance. Babban amfanin zubi ga manomi ke nan: ya biya lokacin da yake da shi, a duba shi lokacin da ba shi da shi. Tsari mai babban kuɗin bakin ƙofa yana kashe wannan amfani, domin yana neman tsabar kuɗi a ranar ciwo.

Biyan kuɗi a bakin asibitin gwamnati ma yana da tarihi. Bayan faɗuwar farashin mai da shigowar tsarin SAP a 1986, asibitoci suka koma ba magani. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka haɗu a Bamako tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, suka amince mara lafiya ya riƙa biyan kuɗin magani, a juya kuɗin a sake sayo wani. Magani ya dawo kan kanta, amma mai ƙaramin ƙarfi ya tsaya a waje. Maƙwabciyarmu Nijar ta gwada akasin haka a 2006, ta cire kuɗi ga yara 'yan ƙasa da shekara 5. Iyaye mata suka yi ta kai yara asibiti fiye da da, amma gwamnati ta riƙa jinkirin biyan asibitocin, magani ya riƙa yankewa. Wato cire kuɗin bakin ƙofa yana kawo mutane, amma sai wani ya biya a bayan fage, kuma a kan lokaci.

Abin da ke ƙasa a yanzu

An yi dokar NHIS a 1999, aka ƙaddamar da shirin a 2005, kuma shekara da shekaru ma'aikatan gwamnatin tarayya ne suka fi cin moriyarsa. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar NHIA, wadda ta ce inshorar lafiya wajibi ce ga kowane ɗan ƙasa, ta kuma tanadi asusu na musamman don marasa galihu. Kafin nan, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake kira BHCPF, ta kuma haramta wa asibiti ya ƙi karɓar wanda ke cikin halin gaggawa. A jiharmu akwai KADCHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya da aka kafa da dokar 2018, wadda ke rijistar ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi, da kuma manoma da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu da suka yi zubin shekara. Gwamnatin jiha ta kuma ɗauki manufar samar da ingantacciyar cibiyar lafiya ɗaya a kowace mazaɓa daga cikin mazaɓu 255, ga manyan asibitoci a Ikara da Makarfi da Hunkuyi. Mu ɗalibai kuma akwai TISHIP, shirin da aka tsara don manyan makarantu, wanda makarantun da ke cikinsa suke haɗa zubinsa da kuɗin rijista.

Abin da ya burge ni da na karanta waɗannan tsare-tsare shi ne ba a gina su a kan babban kuɗin bakin ƙofa ba. Ganin likita da gwajin zazzaɓi da awon ciki suna daga cikin abin da ake fara ɗauka. A ganina wannan shi ne daidai ga ƙasa irin tamu. Ga masu tambayar matsayin inshora a addini, malamai da dama sun bambanta inshorar kasuwanci da ta taimakekeniya, inda jama'a ke zubi da niyyar agaza wa wanda larura ta sama, irin tsarin takaful. Wannan fage na malamai ne, a je gare su.

Sai dai kada in yi muku daɗin baki. Akwai kuɗin bakin ƙofa na ɓoye, wanda ba a rubuta a kowace takarda ba. Ga yadda yake aukuwa. Ana biyan asibitin farko wani ƙayyadadden kuɗi duk wata a kan kowane mutum da ya yi rijista da shi, ko ya zo ko bai zo ba. A tsarin tarayya wannan kuɗi ya shafe sama da shekara 10 yana naira 750, sai a 2024 aka fara ƙara shi, alhali farashin magani ya ninka ya sake ninkawa. In kuɗin ya yi kaɗan ko ya makara, me asibiti zai yi? Ka zo da katinka, likita ya duba ka, ka je ɗakin magani a ce babu, je ka saya a waje. Ko a tura ka babban asibiti ka zauna jiran lambar amincewa daga kamfanin HMO, ciwo kuwa ba ya jira, sai ka biya da kanka. Ga kuɗin mota daga ƙauye, ga yinin da aka rasa a gona. A takarda ba ka da kuɗin bakin ƙofa, a zahiri ka biya shi. Kuma ina jin tsoron nan gaba, in kamfanoni masu zaman kansu suka fara tallan inshora mai arahar zubi ta waya, wasunmu za su ruga saboda arha ba su karanta ƙananan rubutun ba.

Saboda haka duk wanda aka miƙa wa takardar inshora, ta gwamnati ce ko ta kamfani, yanzu ko ranar da ya samu aiki, kada ya tsaya a kan nawa ne zubi. Ya tambaya: ranar da na zo da ciwo, nawa zan fitar kafin ku fara biya? In an ce akwai adadi, ya duba ko yana da wannan kuɗin a ajiye a watan da ya fi kowane wata talauci, ba a watan da ya fi samu ba. Ya tambaya ko akwai rufi a kan abin da shi zai kashe, domin wasu tsare-tsaren a nan rufin nasu a kan kamfani yake, wato su ne ke daina biya in an kai wani adadi, su bar ka da sauran. Ya nemi jerin abin da ba a ɗauka. Sannan wanda ke da iyaye masu hawan jini ko ciwon suga, ko ƙani mai sikila, ya tambaya musamman ko maganin kowane wata yana ciki, kuma in aka ce babu a asibiti, wa zai mayar masa da kuɗin da ya kashe a kemis.

Ni da na dawo daga jinyar Kawu na ciro rasit ɗin rijistata na duba layi-layi, abin da ban taɓa yi ba tun da na shigo. Akwai layin kuɗin lafiya a ciki, shekara biyu ina biya, ban taɓa taka kilinik ba, in zazzaɓi ya kama ni kemis nake zuwa in kashe kuɗin abincina. Na tambayi mutum shida a layin ɗakinmu, biyar ba su san suna biya ba. Na je na buɗe fayil, aka auna jinina a karo na farko a rayuwata. Ina roƙon shugabannin ƙungiyar ɗalibai, musamman mai kula da walwala, su karɓo cikakken bayanin abin da kuɗin nan ya ƙunsa su liƙa a allon sanarwa na kowane hostal, da inda ɗalibi zai kai ƙorafi in an ce masa babu magani.

Kawu yanzu yana takawa da sanda, ana yi masa gashi, magana ta fara dawowa amma hannun dama bai buɗe ba tukuna. Mu jikokin gidan da ke karatu ko ɗan aiki, mu bakwai, mun yi zubin 500 kowa a wata, muna aika wa Inna ta sayi ƙwayoyin, ita ke ajiye su ta ba shi bayan sallar asuba. In an sayar da masarar bana, mun yi shawarar a fara cire zubin shekara na shi da Inna a kai ofishin KADCHMA kafin a taɓa sauran, kuma ni aka ɗora wa zuwa in yi waɗancan tambayoyin.